Kwana Ukun da Na Gyara Alƙaluma

Har yau ban manta da ranar da Dokta Yakubu ya ɗora yatsa a kan aikina ba. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina mataimakin ma'aikacin fasaha a wata ƙaramar tashar awo da ke bayan garin Kafanchan, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: can sama, inda iska ta yi siriri, hasken rana yana haifar da ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron, kuma yawansu ne ke sa saƙon rediyo ya yi nisa ko ya lalace. Na'urarmu tana kama saƙon tauraron ɗan'adam, alƙalaminta ya zana layi a doguwar takarda. Ni nake auna layin da rula, in mai da shi alƙaluma. Daga nan a gwada da wani jadawalin hasashe da masana suka haɗa daga awon ƙasashen Turai.

Matsalar ita ce, kullum da rana ta take, alƙalumana sai su bar na jadawalin nesa. Sai ga takarda daga jami'ar da ke kula da tashar cewa masaninta, Dokta Yakubu, zai zo dubawa, in na'urar ce ta lalace a rufe tashar. Tsoro ya kama ni. Na ɗauki awon kwana uku na matsar da shi kusa da jadawalin, ban gaya wa kowa ba, har shugabana Oga Bitrus, babban jami'in fasaha, wanda ya koya mini riƙe rula kuma nake cin tuwon acca a gidansa duk Lahadi bayan sujada, matarsa ma ta ɗauke ni kamar ɗanta.

Dokta ya sauka a jirgin ƙasa ranar Talata. Ya bi shafukan littafin awona ɗaya bayan ɗaya, da ya kai waɗannan kwanakin ya tsaya.

"Markus, kwana ukun nan sun cika kyau," in ji shi. "Me ya faru?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na gyara. Na ɗauka kuskurena ne."

Laifin ya isa kora. Oga Bitrus ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce, "Dokta, ni na koya masa awo, amma ban taɓa gaya masa dalilin awon ba. Rabin laifin nawa ne. Takardun asali suna akwati."

Aka ɗauko su. Mu uku muka zauna da rula har la'asar, muka sake karanta kwanakin. Alƙalumana na farko ne daidai.

Dokta ya juyo gare ni. "Ba kai muke jarrabawa ba, jadawalin muke jarrabawa. Waɗanda suka rubuta shi ba su taɓa auna saman Kafanchan ba. Inda ya saɓa da awonka, nan ne abin da na zo nema."

Ya rubuta mini gargaɗi, yana nan a fayil ɗina har na yi ritaya. A rahotonsa kuma ya ce na'ura lafiyarta lau, tasha ta ci gaba da aiki.

Da muka raka shi tashar jirgi muka juyo, ina jiran faɗa. Oga Bitrus ya tura kekensa muna tafiya a ƙasa, da muka kusa kasuwa ya juyo ya dube ni. "Ɗana, ko sama ta faɗi abin da ba ka so, rubuta shi haka. Lahadi kar ka makara, mamanka ta ce za ta yi miyar karkashi."

Na yi shekaru ina koya wa ƙananan ma'aikata awo. Ranar farko nakan buɗe fayil ɗina in nuna musu gargaɗin, in bayyana musu dalilin aikin kafin in ba su rula. Na lura wanda ya san abin da ake nema ba ya tsoron alƙaluman da ya samu.