Malamar da Ajinta Ba Ya Rera Karatu

Malama Asabe mutuniyar Ƙofar Durbi ce, 'yar tela, gajeriya, ga saurin tafiya kamar wadda ta bar tuwo a kan wuta. Shekararta goma sha tara tana koyar da Turanci a wata firamare da ke Ƙofar Ƙaura, kuma duk wanda ya san ta ya san ba a cika kayar da ita a gardama ba.

Tana yarinya ita ce gwanar ajinsu. Malam ya karanta layi, yara su amsa, har shafi ya zauna a ka, yadda aka saba hadda a makarantar allo. Wata rana maƙwabciyarsu ta kawo mata takardar asibiti. Asabe ta karanta tas da murya mai zaƙi, matar ta ce, "To, mi sunka ce?" Sai Asabe ta tarar ita ma ba ta fahimci abin da ta karanta ba. Kunyar ranar nan ba ta sake ta ba, ita ce ma ta kai ta aikin koyarwa.

Shi ya sa ajinta na biyar ba ya rera karatu. Kafin a shiga labari sai an dubi hoto, kowa ya faɗi abin da yake tsammani. A tsakiya ta rufe littafi ta ce, "Wa ya yi? Don mi? Ina shaidarka?" In kalma ta gagari yaro, sai ta ce ya tambayi maƙwabtanta na gaba da na baya. In Turanci ya ƙare masa ya ƙarasa da Hausa, daga baya a taru a mayar. Babbar wahalarta ita ce yaran da aka hora a gida kada su tanka wa babba, su yarda ana iya yi wa littafi tambaya.

Sabon hedimasta, Malam Lawal, bai ga karatu a nan ba.

"Malama, ajin Malam Sagir har bakin titi ana jin shi. Naki kuwa sai gardama, iyaye har sun hwara magana. Ran Alhamis jami'a za ta zo daga ohishin ilimi. In ɗiyanki sunka ba mu kunya, zan amshi ajin, ki koma tsaron ɗakin ajiyar littattahwai."

"Allah shi kai mu, ranka shi daɗe," in ji ta.

Ƙarfin hali kawai ta yi ta faɗi haka. Ba shakkar aikinta take ba, ta dai san yara da baƙo, kuma ba ta san abin da za ta yi da kanta ba in aka raba ta da alli.

Ran Alhamis jami'ar, Hajiya Hajara, ta raba wani labarin Turanci da ba ya cikin littafinsu. Malam Lawal da kansa ya fara karanta musu, yana ta murɗa harshe don baƙuwa ta san ba a banza aka ba shi kujera ba. Labarin wani direba ne da ya yi tafiya. Bayan kwana biyu mutane suka zo suka zazzauna kan tabarmi a ƙofar gidansa har kwana uku, 'yarsa kuwa kullum tana goge masa takalma. Aka ce yara su karanta da kansu.

Aji ya yi tsit, kowa ya duƙufa yana bin layi da yatsa. Malam Lawal ya harari Asabe, ita kuwa ta kafe idonta a kan allo.

Can sai aka ji shessheƙa. Fiddausi ce, wadda iyayenta suka taso daga ƙauye bara, wadda ko gaisuwa sai an matso ake jin ta.

"Ku hidda ta waje, tsoro ta ji," in ji hedimasta.

Hajiya Hajara ta ɗaga masa hannu, ta tambayi yarinyar da Turanci abin da ya sa ta kuka. Fiddausi ta miƙe, da Turancinta mai ɗingishi ta ce direban ya mutu.

Malam Lawal ya juya takarda gaba da baya. "Ina anka rubuta haka?"

"Ba a rubuta ba, Malam," ta ce da Hausa. "Amma duba layi na shidda. Wa ke zaman tabarma ƙohwar gida kwana ukku in ba rasuwa anka yi ba? Kuma ɗiyar ba wanda ya hwaɗa mata."

Hannuwa suka tashi ko'ina, kowa da tasa shaidar. Asabe ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba a aji, ta cije leɓe don kada ya fito fili.

Malam Lawal ya sake karanta labarin, wannan karon bakinsa a rufe. Da ya kai layi na shida sai aka ji ya ce, "Inna lillahi," a hankali. Sannan ya miƙa wa Asabe takardar.

"Ci gaba da ajinki, Malama. Ni da na karanta maku shi, ban san mutumin ya rasu ba."