Hannun Agogo a Faifan Mai Zobe

Agogo ake ce wa babana, domin in ya kama kiɗa ba ya gaba ba ya baya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga ganguna a ɗakunan ɗaukar waƙa, kuma ba shi da ƙungiya, duk wanda ya kira shi nasa ne. Da safe waƙar yabo, da rana tallan sabulu, da yamma wata mai kukan soyayya. Sau ɗaya zai saurari waƙa ya ce, "To, a kunna." Ɗakin babu taga, bango duk kwalin ƙwai, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga. Riga biyu yake tafiya da su kullum, ya dawo mana da su sharkaf da gumi.

Sunansa kuwa ko sau ɗaya bai hau bayan faifai ba. Ni abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ko a jikinsa.

Akwai wata ƙungiya da ta yi tashe ina 'yar firamare. Makaɗinsu, Mai Zobe, gwanin juya sanda ne a sama, 'yan kallo su yi ta ihu. Amma da an kunna jar fitilar ɗaukar sauti sai ya rikice, ya riƙa gudu kamar an biyo shi. Kwana uku suna abu ɗaya. A na huɗu shugabansu ya sallame shi, ya aika a kira Baba. Kafin la'asar an gama waƙa takwas, bisa sharaɗin Baba ya ja bakinsa ya tsuke.

Faifan ya fita da sunan Mai Zobe a matsayin makaɗi, ya kuma karɓu. A tsakiyar waƙa ta uku akwai wani sauyin kiɗa da har yau samari ke karya hannu wajen koyonsa, suna kiransa salon Mai Zobe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu a gida mun sani, Mama ta sani, amma in na ɗaga maganar sai Baba ya ce, "Alkawari na yi, uwata." Haka yake kirana in yana so in yi shiru.

Bara Mai Zobe ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba ni da faɗa da gawa. Kamfanin da ya fitar da faifan ya ce zai sake ɗaukarsa don tunawa da shi, ana neman wanda zai iya kwaikwayon hannunsa. Ni na matsa wa Baba. Shugaban ƙungiyar ya riga ya mutu, wanda ya ɗauki sautin ma haka, to alkawari da wa? Na ce ya je ya buga, in sun saki baki sai mu faɗa musu gaskiya. Shekararsa sittin da huɗu, wuyan hannunsa na dama yana kumbura, amma ya shafa man zafi ya biyo ni.

Sabon mai ɗaukar sautin ya girmama shi, har da ba shi kujera. Aka kunna waƙa ta uku. Baba ya shiga lafiya lau, ni har na fara hura hanci. Da aka zo wurin sauyin, hannun dama ya makara. Kaɗan ne, amma ya makara. Aka sake, ya sake makara.

Mutumin ya cire abin kunnensa ya ce, "Baba, wallahi ka yi ƙoƙari. Amma ka san marigayi, hannunsa daban ne. Ba kowa Allah ke ba wa ba."

Na miƙe, maganar tana bakina. Baba ya dube ni ya girgiza kai. Ya tattara sandunansa ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Hannu ne mai wuya."

A bakin titi na sauke masa kwandon masifa. Na ce haƙurin nan nasa ba haƙuri ba ne, mutuwar zuciya ce. Ya bar ni har na gaji, yana murza wuyan hannunsa.

"Uwata," ya ce, "da kin faɗa, cewa za su yi in buga su ji. Ke ma ai kin ji abin da na buga."