Geron Mairama a Tumbun Balbela

In kana sauri ranar kasuwar Belbeji, ka sayi bandarka wajen Mairama ka yi gaba, kada ka kuskura ka tambaye ta inda kifin ya fito. Wanda ya tambaya ya shiga uku. Za ta turo maka tabarma da ƙafa ta ce zauna, kafin ka ankara an kira la'asar, ba ka sayi gishiri ba, ba ka sayi barkono ba, kana can Tumbun Balbela cikin kwale-kwale.

Mairama matar yayana Manzo ce. Ni ce Radiya, autar gidan, kuma shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina shan wannan labari, har na fi mai shi iya shi. Tumbu shi ne abin da mutanen tabkin Cadi ke ce wa tsibiri. Rani goma ta yi tana zuwa can ita da mijinta, su tafi bayan kaka su dawo gab da shuka, sai da tashin hankali ya kori mutane daga tsibiran sannan ta haƙura. A can ta koyi banda. In ka ji ta bakinta, duniya ba wuri kamarsa: kifi har mage ta gani ta kau da kai, shanu masu manyan ƙahoni suna iyo daga wannan tumbu zuwa wancan, nono ba a auna shi da ludayi. Sauro dai ba ta taɓa ambatarsa ba, wannan a bakin Yaya Manzo na ji.

Ni kuwa nakan ce mata, "Ke da aka haifa a gindin rijiya mai gaba hamsin, wadda sai sa ya yi tafiya da igiya kafin guga ya leƙo, yaushe kika zama ƴar ruwa?" Sai ta jefo ni da kan kifi.

Zuwansu na farko ba yawon buɗe ido ba ne. Shekarar da fara ta sauka mana ne, gero ya fitar da kai muna murna, cikin kwana biyu gonakin garinmu na kwarin Tarka suka koma kara tsirara. Abin da muka tsince bai cika rabin rumbu ba. Maza suka fara ɗaure kaya, wasu Agadas, wasu Kano. Yaya Manzo ya ce shi tabki za shi, ya ji ana neman masu aikin kifi, kuma da matarsa zai tafi, a rage baki biyu.

Ranar tafiyar, mahaifinmu Malam Idrisa ya fito da burgami, wato jakar fatar akuya, ya ɗora wa Yaya Manzo a cinya. Tiya biyu ce a ciki, wato kwanon awo biyu, ta irin geronmu da muke kira ankutes, mai gajeren kai, wanda kakanmu ya yi ta zaɓen zangarniyarsa shekara da shekaru har ya zama namu. Ruwa uku masu kyau sun ishe shi. Irin da ake kawowa daga kudu kuwa, a ƙasarmu sai ya yi tsawo ya yi ganye, damina ta ɗauke ta bar shi da baki buɗe.

Baba ya ce, "In ya kwana a gidan nan har bazara, cinye shi za mu yi. Na san yunwa, ba ta da kunya. Tafi da shi. Kada ka ci, kada ka sayar, ka dawo mini da shi kafin ruwan fari."

Gaskiya ya faɗa. A watannin da suka biyo, da muka koma jiƙa ƴaƴan anza na daji muna ci, da na san inda burgamin nan yake, wallahi da ni ce ta farko.

Suka hau kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa Damagaram, daga nan Difa, daga nan Gigimi, sannan kwale-kwale. Mairama ta ce da ta ga ruwa ya miƙe har inda ido ya tsaya, sai ta dafa mai tuƙi ta ce, "Malam, wa ke da shi?" Mutumin ya ce na Allah ne. Ta ce, "Ba a bin layi?" Dariyar da aka yi mata har jirgin ya yi tangaɗi.

A tumbun, Bulama, wato mai garin, ya sauke su kan tudu kusa da wata dattijuwar Babarbariya mai banda, Ya Fanna. Nan matan wurin suka sami abin kallo. Ruwa ga shi a ko'ina, amma Mairama tulu ɗaya take ɗiba ya kai ta yamma. Ruwan da ta wanke hatsi shi za ta wanke kwano da shi, na kwano ta tara a kasko, ba ta yarda ɗigo ya zube a banza. Ya Fanna ta ce, "Ƴata, kina tsoron kada ya ƙare ne?" Ta ce, "Iya, hannuna ne ya ƙi."

Shi kuwa Yaya Manzo, kwana uku da sauka ya zagaya bayan tumbun ya ga wani kwari shimfiɗe, ƙasa baƙa, ciyawa kore shar, ya tura yatsa ya ji danshi. Manomin ƙasarmu ta Damargu ya ga danshi bayan damina ta wuce! Hankalinsa ya tashi. Ya tafi wajen Bulama ya roƙi wurin.

Bulama ya ce, "Ɗana, wurin ruwa ne. Yana tafe."

Yayana ya ɗaga kai ya dubi sama, tas kamar an share. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wane ruwa kuma? Ko gajimare babu."

"Namu ba daga sama yake zuwa ba, da ƙafa yake zuwa. Mu nan sai ya cika ya fara ja da baya, sannan mu bi shi da masara."

Yaya Manzo ya yi godiya ya fito yana murmushi. A ransa ya ce tsohon nan wayo ne, yana yi wa wani ajiyar wurin. Shi ruwa ya sani: ya taso daga gabas da iska da tsawa, kowa ya gan shi. Ya yi lissafinsa, tiya biyu a ƙasa irin wannan ai dami ashirin ne, ya koma gida da iri da abinci, a yi ta zancensa a Tarka.

Mairama ta ce, "Maigida, ajiya fa Baba ya ba ka."

Ya ce, "Ya ce kada in ci, kada in sayar. Kin ji ya ce kada in shuka?"

Ka ji ɗan'uwana. In ya kafe, jaki ma sai ya sara masa.

Ya ari sungumi ya shuke tiya biyun nan kaf, ya dawo ya jefar da burgamin a bakin bukka. Mairama ta ɗauka za ta rataye, ta ji ɗan motsi a ciki. Ta juya shi ciki waje ta kakkaɓe ɗinkin, ta sami abin da bai cika tafin hannu ba. Mace a garinmu ba ta barin ƙwayar hatsi a ƙasa. Ta tona ƴan ramuka talatin a rairayin bayan bukka, can kan tudu inda take juye kaskonta, ta zuba ta rufe da diddige. Da ya gani ya ce, "A'a, mun yi gonar kaji." Ita dai ta ci gaba da juye kaskonta a wurin.

Geronsa ya fito gwanin sha'awa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kai gwiwa, baƙi ƙirin don ƙoshi. Sai wata safiya ya ga wani abu na ƙyalli a cikin ciyawar gefen gona. Ruwa ne, shiru, ba iska ba tsawa. Washegari ya matso taku biyar. Ya ɗauki hauya ya yi masa shinge da ƙasa, ruwan ya ɓullo ta ƙarƙashi. Duk da haka bai karaya ba, don a kwarinmu ruwa in ya zo da safe, kafin yamma ya wuce. Ya zauna a bakin gona yana jira ya wuce. Wata huɗu ruwan nan ya yi. Masunta suka zo suka kafa tarkonsu a kan kunyoyinsa, kuma Mairama ta ce har ranar da suka bar tumbun, in ana son tarwaɗa mai ƙiba sai a ce a je Gonar Manzo.

Yanzu muna dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne. Kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba. Ba asarar wahalarsa ce ta dame shi ba. Irin kakansa ne ya nutsar, da hannunsa, bayan an gaya masa. Ya ce da Mairama shi ba zai iya komawa ya dubi Baba ba, gara ya zauna a tabki har ya mutu. Ta bar shi ya gama, sannan ta ja shi bayan bukka. Gonar kajin nan ta yi toho, ramuka ashirin da shida sun rayu.

Daga ranar gidan ya sami sarauniya. Shi ya shiga aikin masunta, mutumin da bai iya iyo ba, yana riƙe da gefen kwale-kwale da hannu biyu yana salati, amma da ya sauka sai bayan bukka. Ya yanko ƙaya ya kewaye wurin saboda awaki. Sau ɗaya ya ɗebo ruwa bokiti guda zai kwarara don nuna ƙwazo, ta tare shi da muciya a hannu.

"Kul! Wanda ka ba wa tabki guda ina yake? Gero ne, ba shinkafa ba."

Ruwan kaskonta take ba shi, ludayi biyu kowane gindi, da yamma. Sanyi ya sa ya yi nawa, har suka fara tsorata, sai da zafi ya fara shigowa ya miƙe ya fitar da kai. To, sai tsuntsaye. A duk tumbun nan ba wani gero a tsaye sai nata, jan-baki kuwa suka ji labari. Ta yayyage tsohon zanenta ta ɗaure kowace zangarniya, zane ya ƙare ta shiga rigar mijinta, Ya Fanna ta kawo tsohon gidan sauro. Matan da ke yi mata dariya su ne suka koma yi mata gadi in ta tafi wajen banda, suna kaɗa gwangwani. Ranar da ta yanka, ta sussuka a turmin aro ta sheƙe a cikin bukka don kada iska ta ɗauki ko ɗaya. Rabin tiya ne da ɗan ɗori.

Suka iso gida ana saura kwana tara ruwan fari, da buhun banda da na masara. Ina nan a tsakar gida da la'asar ɗin. Mun rame duka, Baba ya fi kowa, ga idonsa ya fara hazo. Bai tambayi kifi ba, bai tambayi masara ba, hannu kawai ya miƙa. Yaya Manzo ya durƙusa ya ɗora masa burgamin.

Baba ya ɗaga ya ji nauyinsa. Ya kwance bakin, ya ɗebo, ya murza, ya sansana, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna.

Ya ce, "Irinmu ne. Amma ba wanda na ba ka ba ne. Wannan bai yi wata biyu da barin kara ba. Ina uwarsa?"

Nan Yaya Manzo ya zazzage komai, kansa a ƙasa, bai rage ba, har maganar Bulama da yadda ya zauna jiran tabki ya wuce. Na zaci sanda za ta tashi. Sai na ga kafaɗun Baba na rawa. Dariya ce, irin wadda rabonmu da ita a gidan tun kafin fara, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi na kawo masa ruwa.

Da ya lafa ya ce, "To wannan wa ya noma shi?"

"Ita ce, Baba."

"Kira ta."

Mairama ba ta taɓa zama kusa da surukinta ba. Ta zo ta durƙusa can nesa jikin danga, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Yarinyar nan, da wane ruwa kika raine shi?"

Da ƙyar muka ji muryarta. "Na wanke-wanke, Baba."

Ya jinjina kai. A gidanmu tun zamanin kaka, iri a ɗakin maigida yake rataye, daga hannun uba sai na ɗa, mace ko taɓa jakar ba ta yi. Yaya Manzo ya san haka, shi ya sa da Baba ya ɗaure bakin burgamin ya miƙo, ya tara hannu biyu zai karɓa. Baba ya kauce masa.

"Kai je ka ka kama kifi, an ce ka fara iyawa. Radiya, ungo, kai mata. Daga yau a ɗakinta zai kwana."

Na kai mata. Ta karɓa, ta rungume shi a ƙirji, ina jin ta tana kuka a cikin mayafi.