Matar da Ta Mayar da Muryar Aro

Duk mai shago a layinmu na unguwar Nerima ya san Kuramochi Mitsue, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai furfura da ke wucewa da hantsi a kan keke mai karkataccen kwando, bakinta yana motsi ita kaɗai. Takan jingine keken a bayan shagona na taliya, ta leƙo ta ce, "Ina kwana, Maigida," sannan ta haye benen da ke kallonmu, inda kamfanin fina-finan zane yake. Ko da la'asar ta zo, "ina kwana" za ta ce, domin haka mutanen sana'arsu ke gaisawa: lokacin da ka shigo aiki shi ne safiyarka. Da rana ta sauko ta ci taliya mai sanyi ba albasa, ta koma. Sama da shekara ashirin haka take yi. Watan jiya ta ajiye aiki, kuma ban ga jaridar da ta ambace ta ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in faɗa tun da wuri, ni ba na son inji mai magana. Tukunyar shinkafa tana waƙa, bahon wanka yana sanar da kai ruwa ya yi zafi, motar kaya tana shelar za ta juya hagu, amma ɗan maƙwabcinka ba ya iya buɗe baki ya gaishe ka. Karatuna bai yi nisa ba, sauran a ɗakin karatu na unguwa na tsinta, amma na san al'ummar da ta buɗe wa injuna baki ta rufe na 'ya'yanta ba ta ci riba ba. Don haka in kun ji na yabi wadda ta kwashe shekarunta tana koya wa inji magana, ku san da dalili.

Ga aikinta. A yau akwai muryoyin da kwamfuta ke haɗawa. A ba ta kalmomi da kari, ta rera, a ba ta zance, ta faɗa. Da irinsu ake yi wa mutum-mutumi baki a fim ɗin zane, da irinsu ake rera waƙoƙin 'yan matan da ba uwar da ta haife su. Sai dai yadda muryar ke fitowa daga inji, a miƙe take kamar sandar awo, ba gajiya, ba kunya, ba numfashi. Mitsue-san, yadda muke kiranta don girmamawa, ita ce ke zama a ɗakin da ba taga, kunnuwanta a rufe da abin sauraro, tana bin muryar gaɓa-gaɓa. Nan ta ja, nan ta sassauta, nan ta sa 'yar rawa, nan ta sa a ja iska. In fim ya ƙare, sunanta yakan wuce can ƙasa da ƙananan haruffa, lokacin da yara sun riga sun tashi neman abin ci.

Mutanen layi sun daɗe suna zaton tana da taɓi, saboda matakalar gadar da ke tsallake titin jirgi. Sai a gan ta tana hawa tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, ta tsaya, ta sauko, ta sake hawa. Matar mai sayar da kifi ce ta gaji ta tambaye ta. Ta ce, "Inji ba ya da huhu, sai ya rera baiti uku bai huta ba. Yara kuwa bin sa za su yi a gida. Ina neman inda numfashin mutum ke ƙarewa ne, in sa shi ya tsaya a nan." Tun ranar na daina yi mata kallon mai wasa da na'ura.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu ya shafi wata mata ce daban, Shirahata Tomeko. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar nan cikin shekaru talatin da suka wuce ya san muryarta. Ita ce Kaka Hankaka, tsohuwar tsuntsuwar nan mai faɗa da ke tsaron rumfar kayan tsintuwa a tashar ƙauye, a shirin safiyar Asabar. Kowace Alhamis in ta gama ɗaukar murya takan zauna a teburin jikin bango a shagona, ta yi wa miyata tsiya, ta shanye ta tas. Ta haura saba'in da biyar aka yi mata aiki a maƙogwaro. Ta rayu, muryar ba ta rayu ba. Abin da ya rage mata wani raɗa ne, kamar ana jan tsintsiya a kan tabarma.

Gidan talabijin suka ce shiri ba ya jira. Ko a nemo sabuwar murya, ko a tara tsofaffin faya-fayan Tomeko-san a ba kwamfuta ta haɗa muryar da za a riƙa amfani da ita ba tare da ita ba. Kowanne aka zaɓa, tsohuwa ta tashi daga aikin da shi ne rayuwarta. Na biyun ma ya fi ciwo, domin zama za ta yi a gida tana jin bakinta yana faɗin abin da ba ta faɗa ba.

Darakta Okonogi, mutumin kirki ne da aka matsa wa lamba, ya sa Mitsue-san ta gwada na biyun. Ta gwada, ya yi kyau. A shagona suka yi maganar, ina tsaye ina tsame taliya.

"Kuramochi-san, har mai shara ta yi hawaye," in ji shi. "Ita ce sak. Mu miƙa kawai."

"Mai shara ta ji. Mai murya fa?"

"Na aika mata furanni da saƙo, ta maido furannin."

"To ai ka sami amsa."

"Amsar nan ba ta cika safiyar Asabar. Ƙarshen wata aka ba ni."

"Okonogi-san, in ka je gidan mutum ka tarar yana kwance, sai ka zura takalminsa ka fita don ya yi maka daidai?"

"Ke dai da misalai kamar mai wa'azin haikali! Maigida, ƙaro min shayi, matar nan za ta sa min sanƙo."

"Sanƙon ya riga ni fara aiki a kamfanin nan," in ji ta.

Ya yi dariya, ya shafa kai, ya ce ta je ta gwada sa'arta, in tsohuwa ta cije ta kada ta ambaci sunansa.

Tomeko-san ba ta daina zuwa shagona ranar Alhamis ba ko bayan ciwon, sai dai yanzu da yatsa take nuna abin da za ta ci. Mitsue-san ta tambaye ni ko za ta iya zama a teburinta. Na ce shagona ba kotu ba ne, amma kujerar ba mai ita. Ta zauna, ta rusuna, ta miƙa mata abin sauraro don ta ji muryar da ta haɗa. Tsohuwa ta daɗe tana hararsa kafin ta sa. Na ga tsinken cin abincin ya tsaya a hannunta. Da ta cire, ta matso da kai, domin sai an matso ake jin ta.

"Gawa ce aka yi wa kwalliya," ta raɗa.

"Haka ne, Shirahata-san."

"Haka ne? Ke kika yi ta!"

"Shi ya sa na sani. A ina ta mutu?"

"Ko'ina. Hankaka ba ta jan numfashi kafin ta yi faɗa, bayan ta gama take ja, don kada yaro ya ga ta damu. Ke kin sa mata haki a gaba kamar mai gudun bas."

"Daga tsofaffin faya-fayai na yanko numfashin. Na wasu maganganu ne, ba na waɗannan ba. Sabo nake so."

"Ke yarinya," in ji ta, ga wadda ta ba hamsin baya, "muryar kun kwashe, yanzu iskar cikina kika zo nema?"

"Ban kwashe ba, aro na zo yi. In kin hana, in koma in ce musu na kasa. Amma tun da na zauna kike yi min faɗa da iskar nan, kuma ba kalmar da ta kuskure ni. Wasan yana nan, Shirahata-san. Sautin ne kawai ya tafi, shi kuwa ina da shi a akwati."

Tsohuwa ta cinye taliyarta, ta nuna min miya ta girgiza kai kamar kullum, ta fita. Alhamis ta gaba sai ga ta tana hawa benen kamfani da sandarta, sanye da rigar auduga mai laushi irin wadda ba ta ƙara a gaban makirfo.

Haka suka tsara aikin. Tomeko-san ta tsaya a makirfonta na da, tare da sauran 'yan wasa, hoto yana tafiya a gabansu, ta yi wasanta da raɗa: inda za ta ja, inda za ta yi tsaki, inda dariya za ta kuɓuce mata. Mitsue-san ta ɗauki wannan, ta shimfiɗa muryar inji a kansa gaɓa-gaɓa, numfashin kuwa ta bar shi yadda ya fito daga ƙirjin mai shi. Aikin da inji zai gama kafin shayi ya huce, ita sai ta kwashe kwanaki a kansa. Yara ba su san an yi wani abu ba. Kakarsu ta yi mura, ta warke.

Mitsue-san, ke ce kika kafa dokar da ba wanda ya rubuta miki: Hankaka ba za ta furta kalmar da Tomeko ba ta fara raɗawa ba. Ke ce, da wani kamfani ya zo yana son Hankaka ta yi masa tallar maganin ƙarfin gwiwa, kika ce, "Ga gidan mai murya can bayan tasha, ku je ku tambaye ta." Suka je, suka dawo da kwalin maganinsu. Da kin so, da danna maɓalli kaɗan kin gama musu, ba mai sani. Ki bar ni in ce miki mai riƙon amanar baki, daga nan na yi shiru, don na san ba kya son yabo.

Bara kunnen Mitsue-san ya fara nauyi. Ba ta jira a gane ba, ita ta je ta faɗa. Sai tambaya ta taso: wa zai riƙe muryar? Akwai matasa ƙwararru a kamfanin, ba na zarginsu da komai, amma doka da ba a rubuta ba takan bi mai ita ta fita ƙofa. Tomeko-san ta yanke magana. Ta raɗa wa Okonogi, "Hankaka ta tsufa, ni ma haka. A rufe rumfa tun muna iya kulle ta da hannunmu." Aka rubuta shiri na ƙarshe.

Ranar ɗaukar ƙarshe ni na kai musu abinci, shi ya sa na gani da idona. Aka kawo damin furannin da ake ba ɗan wasa in ya kammala, aka miƙa wa Tomeko-san, aka tafa. Sai Mitsue-san ta fito daga ɗakinta marar taga da ƙunshi a ƙyalle shuɗi. Ta durƙusa ta kwance. A ciki akwai ɗan akwatin da muryar take, tafin hannu ya fi shi faɗi, kusa da shi kuma alewar wake a jere. A wurinmu ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa wayam. Okonogi ya ce shi ya yi ta zirga-zirga har manya suka yarda, babu kwafin da ya rage a kamfani, kuma gashin da ya rage masa a hanyar nan ya zube.

"Na gode da aro," in ji Mitsue-san. "Ga ta nan yadda kika ba ni."

Tsohuwa ta ɗauki akwatin, ta jinjina shi a tafin hannu.

"Shekara talatin ina ihu, abin da ya tara ke nan?" ta raɗa. Ta sa shi a jaka, ta zuge. Sannan ta juya damin furannin ta danna shi a ƙirjin Mitsue-san. "Riƙe, ya yi min nauyi. Sannu da aiki, yarinya."

Ba inji a maganar nan. Da raɗanta ta faɗa, kuma har ni da ke bakin ƙofa na ji.

Alhamis ɗin da ta wuce da la'asar keken nan ya tsaya a bayan shago. Ta leƙo, ta buɗe baki, ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Ina wuni, Maigida." Ta wuce teburin jikin bango, inda Tomeko-san ke jiranta da ƙorafi a kan miya.

Mun gode, Kuramochi Mitsue. Allah ya bar miki sauran jin da ya rage, ki ji tsiyar ƙawarki da shi.

Ku kuma matasan da ke zaune gaban na'urorin nan, ba na ce ku fasa su ba, ba ku ma za ku ji ba. Kullum ƙara iyawa suke yi, gobe za su kwaikwayi uwar kowa. Abin da ba za su koya ba shi ne zuwa gidan mai abu a rusuna a tambaya. Wannan naku ne. In kun ari bakin mutum, ku tambaye shi tukuna, kada ku sa masa abin da bai ce ba, in kun gama ku mayar masa, kuma kada ku mayar da kwanon wayam.