Shaidar Maƙerarmu a Kan Bindigar Kisa

Ni ɗan maƙera ne daga Argungu, a gindin zuga-zugi na buɗe ido. Fartanya da lauje da ƙugiyar masunta muke ƙerawa, jefi-jefi mu gyara wa mafarauta bindigar toka. Gidanmu yana da shaida tun daga kakanni, ɗan zane mai kama da ƙugiya, da ake bugawa a kan duk ƙarfen da ya fita daga hannunmu. Baba yakan ce ƙarfen da kake jin kunyar sa wa shaida, kada ka ƙera shi. Da na yi aure na koma Birnin Kebbi na buɗe maƙerata, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, Baba ya ƙera mini ƙarfen shaida irin nasa.

Akwai wani tsohon masinjan kotu da ke zama a inuwar rumfata. Wata rana ya ba ni labarin zamanin babban yaƙin Turawa, da Di'o ya so hana fatake tsallaka iyaka da kayan bindiga zuwa ƙasar da Faransa ke mulka. An kama wani da jakuna cike da bututu da kunamar bindiga, amma alƙali, shi ma Bature, ya sallame shi. Dokar da suka rubuta bindiga ta hana, ba ta ambaci gutsattsarinta ba, kuma Di'o ba shi da ikon hukunta abin da ba a rubuta ba. Tsohon ya faɗi haka ne don in san ko mai mulki yana da iyaka. Ni kuwa, da mugun kunnena, ƙofa na ji an buɗe mini.

A shekarun nan ana yaƙi a Cadi, wasu baƙi suka fara zagayen maƙera suna neman kayan bindigar da za su kai can. Da bututu ɗaya na fara, na ce wa kaina ai ƙarfe ne kawai. Daga nan kunama, daga nan ƙota. Ban taɓa haɗa bindiga da hannuna ba, kuma ban taɓa sayar da gutsattsarin rana ɗaya ba. An kama ni sau ɗaya a hanyar Zauro da bututai cikin buhunan albasa, lauyana ya ce na ban ruwa ne, aka sake ni. Na dawo kasuwa ina hura hanci, ina ce wa mutane gwamnati ma ta san iyakarta. Yau in na tuna wannan tafiyar tawa, tofar da yawu nake yi.

Ashe ba Cadi kayan ke zuwa duka ba. Ranar wata kasuwa 'yan fashi suka tare hanya, suka harbe wani manomin shinkafa, suka yar da bindiga ɗaya wajen gudu. A jikin bututun ga ƙugiyar gidanmu. Ban ma san na buga ba, hannu ne ya yi abin da ya saba tun yarinta. Kowa a ƙasar Kabi ya san mai wannan shaida, don haka Argungu 'yan sanda suka nufa. Suka ɗauki Baba daga bakin wuta, tsoho mai furfura, a gaban maƙwabta.

Na ruga wurin lauya. Ya ce in kama bakina, shaidar ta tsoho ce, babu dokar da za ta taɓa ni. Na kuwa kama. Wata uku cur ubana yana tsare, ni ina kwana a ɗakina, ina gaya wa zuciyata ai za su gane kuskurensu. Har fura nake kai masa, don rashin kunya.

A zuwana na ƙarshe na same shi ya rame, yana tari. Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye bai sha ba. Ya ce, "Sun gwada min ƙarhen. Bugun ya karkace hagu, awa yadda kaka yi tun kana yaro. Ban hwaɗa musu ba." Na fara kawo masa zancen doka. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ba doka nit tambaye ka ba. Mutumen da anka kashe, ɗiya nawa yab bari?" Ban sani ba. Wata uku ban ko tambaya ba.

Washegari na kai kaina. Kada ku yaba mini, tarin nan ne ya tsorata ni, ba halin kirki ba. Aka ɗaure ni shekara bakwai. An saki Baba, amma bai sake ɗaga masaba ba, don manoma sun daina sayen lauje mai ƙugiya. Ina shekara ta biyu a gidan yari ya rasu, ban yi masa salla ba.

Da na fito na nemi iyalan manomin nan, 'ya'ya huɗu ya bari. Uwarsu ta saurare ni daga bayan ƙyaure, ta ce Allah ya ji, ta koma ciki. Na tuba, ina kuma roƙon gafara har gobe.

Ku samari, duk wanda ya ce muku abu kaza doka ba ta hana ba, ku tambaye shi wa zai kwana a ciki idan ta ɓaci. Kafa a doka ba izini ba ce. Ni na bi ta cikinta na wuce lafiya, ubana ne ya maƙale. Har yanzu fartanya nake ƙerawa a Birnin Kebbi, masu saye sukan juya ta su ce, "Maƙeri, ina shaida?" Sai in ce musu gidanmu ba shi da ita.