Gwaggo, Mai Tace Bayanin Kayan Aikin Na'ura

Ƙarfe takwas saura kwata take shigowa ofis, ta rataye jakarta a bayan kujera, ta goge tabarau da gefen mayafi. Teburinta na kusa da firinta, inda hayaniya ta fi yawa, amma ba ta taɓa neman a sauya mata wuri ba. Gwaggo muke ce mata, har Manaja. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Kamfaninmu yana haɗa manhajar ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake aika ta yi wa mutum aiki. Mu ɗan aike muke kiranta. Ɗan aiken nan yana da kayan aiki barkatai, wannan na duba jadawali, wancan na tura saƙo, amma ba ya ganin cikinsu. Ɗan bayanin da muka rubuta a kan kowanne, layi uku ko huɗu, shi kaɗai yake karantawa ya zaɓi wanda zai ɗauka. Aikin Gwaggo shi ne tace bayanin nan kafin a sake shi.

Tana da tsarinta. Ba ta buɗe cikin manhajar, ko da ka roƙe ta. Sabbin zuwa sukan ɗauka ba ta iya ba ne, alhali tun suna rarrafe take rubuta manhaja. Ta ce in ta leƙa ciki ta san abin da ɗan aike bai sani ba, karatunta ya lalace ke nan. In ka fara yi mata ƙarin bayani da baki, sai ta miƙo maka biro: "Shi ma ɗan aiken bin sa za ka riƙa yi kana raɗa masa a kunne?"

Shekara uku da suka wuce muna yi wa wani asibitin wankin ƙoda aiki. Ni na gina kayan aikin da ke sauya wa majinyaci ranar zuwa. Yadda na tsara shi, in ya sauya rana ɗaya sai ya share sauran ranakun mutumin, don a sake jera su da wani kayan aikin dabam. Irin kuskurenmu ne na masu gini: mun maimaita zancen a taro har ya gundure mu, duk ɗakin an sani, sai ban rubuta a bayanin ba.

Ranar da za a miƙa aikin, da hantsi, ta kira ni.

"Ɗana, wannan in ya sauya ranar, me kuma yake taɓawa?"

Na faɗa mata.

"Ina ka rubuta?"

"Haba Gwaggo, ai kowa ya sani."

"Kowa, ban da mai yin aikin."

Ta ƙi sa hannu. Manaja ya fito da waya a kunne, mutanen asibiti na jira. Ya ce, "Gwaggo, don Allah, layi uku ne fa. Mu miƙa, gobe a gyara."

"Ranka ya daɗe, zo ka gani."

Ta ƙirƙiro majinyacin gwaji mai zuwa sau uku a mako, ta ce wa ɗan aike ya mayar da Talatarsa Laraba. Ya mayar, ya amsa cikin ladabi cewa an gama. Ta buɗe jadawalin. Laraba ɗaya tal, sauran watan fayau. Wanda ƙodarsa ta daina aiki, in ya zo ya tarar an ba wani gadonsa, jikinsa ba zai jira mako mai zuwa ba.

Manaja ya tambaye ta wa ya rubuta bayanin. Ta ce ita takarda aka ba ta ta duba, ba mutane ba. Aka ɗage miƙawa kwana biyu. Na ƙara jimla biyu a nawa, ita kuma ta bi sauran bayanai arba'in da ɗaya, ta dawo da tara a gyara. Ƙarshen shekarar aka yaba wa masu saurin gama aiki, ita aka rubuta mata cewa tana jawo jinkiri. Ta karanta, ta ce wannan bayanin kam ya fito sarai, ta sa hannu.

Gwaggo, ke ce mai tambayar da ba a so a ji. A lokacin haushinki na ji, har na yi mako guda gaisuwata iyakarta leɓe, kuma kin lura. Har yau ina jin kunyar wannan. Na gode, Allah Ya saka miki, Ya sa ki huta lafiya.

Wanda zai gaji kujerarki, da mu masu rubutun, mu ɗauki hanyarki. Kafin ka saki bayani, ka ajiye abin da ka sani gefe, ka karanta shi kamar yau ka zo. Ka faɗi abin da kayan aikin ke sharewa, kada ka tsaya a abin da yake gyarawa.

Mutum sittin da uku ne a jadawalin asibitin a lokacin, kuma babu ɗayansu da ya san da ita. A wancan watan kowa ya je wankinsa a ranarsa, ya yi mitar tsawon layi, ya koma gida.