Na Ce Masa Babu Kujera

Edita, ina gaisuwa. A shekarun farko da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ni ne mataimakin shugaban wata makarantar sakandare ta kwana a ƙasar Yauri, ɓangaren karatu. Ko shekara talatin da biyar ban kai ba. Rabon ma'aikata ne ya yi mini gata, manyanmu wasu suka koma Sakkwato, wasu aka ja su Birnin Kebbi, sai na wayi gari da ofis nawa na kaina, da hatimi, da jan biro a aljihun gaba. In faɗa muku gaskiya kaina ya kumbura. Ni ɗan Yelwa ne gaba da baya, kuma a lokacin yaran da ke zuwa daga tungaye da kan duwatsu, ina yi musu kallon waɗanda aka yi wa alfarma da aka bar su suka shigo ƙofar makaranta. Ban taɓa faɗar haka da baki ba, amma jan birona ya sha faɗa.

Babban aikina a farkon kowace shekara shi ne raba ɗaliban da suka gama ƙaramar sakandare, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi, wasu na kasuwanci. Kowane uba kimiyya yake so wa ɗansa, don daga can ne likita da injiniya suke fitowa. Mu kuwa ɗakin gwaje-gwajenmu ɗaya ne, da dogayen kujeru arba'in a jikin tebura, saboda haka yara arba'in muke ɗauka. Shugaban makaranta dattijo ne mai yarda da mutum. Ya ce mini in bi sakamakon jarrabawa, in na gama in kawo ya sa hannu. Kuma yakan sa hannun ne ba tare da ya karanta ba.

A wannan shekarar suna na uku a jerin ajin kimiyya na wani yaro ne Bakambare, daga wata tunga a bayan duwatsun Ngaski. Siriri ne, ba ya da yawan magana, don in ya yi Hausa yara sukan kwashe da dariya. Amma a lissafi ba mai yi masa dariya. Na san dalilin da ya sa yake son kimiyya, domin ya taɓa rubutawa a wani insha'i da na duba da kaina. Innarsa ta makance da ciwon nan da ke kama mutanen bakin rafi, shi ne yake ja mata sanda tun yana ƙarami, kuma burinsa ya zama likitan ido. Na tuna har na rubuta masa yabo a ƙasan takardar.

Aka koma makaranta a ƙarshen damina, yaron bai dawo ba. Ana cikin haka sai yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta same ni a gida kan maganar ɗanta, wanda sakamakonsa ya kai shi ajin kasuwanci. Ita ce ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ban taɓa iya kallon idonta in ce a'a ba. Ta ce kowa ya samu rana sai ya yi shanya, ta ce in ban yi wa nawa ba wa zan yi wa. Washegari na buɗe jerin sunaye, na ga suna na uku babu mai shi, na ja masa jan layi na rubuta na ɗan yayata a sama. Don in rufe sawuna sai na rubuta sanarwa cewa duk wanda bai dawo a makon farko ba ya rasa ajinsa, na sa mata kwanan watan baya, na liƙa a allo. Shugaba ya sa hannu yana shan shayi.

Rana ta goma sha biyu yaron ya iso, shi da mahaifinsa. Rafin da ke tsakaninsu da hanya ne ya cika ya tumbatsa, sai da ya janye suka samu ƙetarewa. Mahaifin manomi ne, yana kuma sassaƙa turame da rani. Ya durƙusa a bakin ƙofar ofishina, ya ƙi shigowa, Hausarsa tana fita da ƙyar. Na nuna masa sanarwar da ba zai iya karantawa ba, sa'annan na faɗi kalmar da mu malamai muke faɗa kullum ba tare da tunani ba. Na ce masa ajin kimiyya ya cika, babu kujera. Ya tambaye ni ko kujera ce kawai matsalar. Ni kuwa don in rabu da shi na ce kujera ce kawai, da akwai da na ba ɗansa. Ya yi ta godiya har na ji kunya, suka tafi. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da yamma yaron ya roƙi tsohon da ke share ɗakin gwaje-gwaje ya buɗe masa, ya auna tsayin kujera ɗaya da karan dawa, ya karya karan daidai, ya ba mahaifinsa kafin ya kama hanya. Wannan sai daga baya tsohon ya gaya mini.

Bayan mako uku, lokacin hutun ƙarfe tara, ina tsaye a barandar ɗakin malamai sai na hango mutum ya shigo ta ƙofar makaranta da abu a ka. Doguwar kujera ce ta icen ƙirya, an sassaƙa ta daga gungume ɗaya, babu ƙusa ko guda, an goge ta har tana ƙyalli. Ya ɗauko ta a ka daga kan dutse zuwa bakin ruwa, ya saka ta a jirgi, daga mashigin Yelwa kuma ya sake ɗora ta a ka. Ya sauke ta a gabana, ya ciro karan dawar nan daga cikin rigarsa ya jingina a jikinta don in ga tsayin ya yi daidai. Ɗansa yana bayansa riƙe da littattafai.

"Malam, kac ce babu kujera," in ji shi. "Ga ta nan na kawo."

Malaman da ke baranda suka fashe da dariya, har wani yana riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar, kuma wallahi ita ce abin da ya fi ci mini rai har yau. A wannan lokacin da na ce a kai kujerar ɗakin gwaje-gwaje, a ƙara suna na arba'in da ɗaya, babu wanda zai tuhume ni. Amma na ji tsoron a buɗe jerin sunayen a ga jan layin. Sai na shiga yi masa bayani cewa kujera a bakinmu ba ice ba ce, gurbi ne, kuma gurbi doka ce daga sama. Ya saurare ni har na gama. Ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane fiye da yadda nake so. Na ce ya ɗauki abinsa, ya girgiza kai, ya ce don karatu aka sassaƙa ta, ba za ta koma kan dutse ba. Ya dafa kan ɗansa, ya faɗa masa wata magana da yarensu, ya juya.

Yaron ya zauna a ajin adabi. Sau da yawa in na zagaya sai in tarar da shi a tsaye a jikin tagar ɗakin gwaje-gwaje yana leƙe, in ya gan ni ya gaishe ni ya wuce. Bai taɓa yi mini ko kallon banza ba. Ya yi zango biyu, a na uku bai dawo ba, ni kuma ban aika a tambaya ba. Kujerar tana bayan ƙofar ofishina ina rataya hula a kanta, har ranar da ƙafar wata kujera ta karye a ɗakin gwaje-gwaje, aka zo aka ɗauke ta. Da na shiga duba aji sai na ga wanda ke zaune a kai. Ɗan yayata ne. A kanta ya ƙarasa shekarunsa uku yana hamma, ya fita ba tare da ya ci ko darasi ɗaya na kimiyya ba. Yanzu yana fataucin albasa, yana jin daɗinsa, kuma ya taɓa gaya mini da dariya cewa shi dama kasuwancin yake so.

An yi mini canjin wurin aiki zuwa Shanga, daga can zuwa wasu wurare, har na yi ritaya, amma kujerar nan ba ta bar ni ba. Ko gidan suna na je aka ce mini ga kujera, sai gabana ya faɗi. In aka ja kujerar ice a kan siminti, sai in ga mutumin nan yana jingina karan dawa. Yanzu da idona ya fara hazo, nakan zauna a layin asibiti tare da tsofaffin da aka jawo da sanda daga tungaye, in yi ta tunanin wanda ya kamata a ce yana cikin ɗakin can yana duba mu.

Bara na je mashigin jiragen ruwa a Yelwa saya wa iyalina turmi. Mai turamen mutum ne da furfura ta fara fito masa. Ya dube ni, ya miƙe tsaye, ya kira ni Malam, ya faɗi sunan makarantar. Sai na gane yaron nan ne Bakambare. Ya yi sauri ya jawo wata 'yar kujera cikin kayan sayarwarsa, ya share ta da hannun riga.

"Zamna Malam, ga kujera."

Na zauna. Na tambayi iyayensa, ya ce duk sun rasu, innarsa ba ta sake gani ba har ta koma ga Allah. Na buɗe baki zan faɗa masa maganar jan layin, sai ya riga ni da tambaya.

"Wadda Baba yas sassaƙa, an samu mai zama bisanta?"

Na ce an samu. Ya yi murmushi, ya ce to madalla, ashe ba ta tafi a banza ba, Baba ya sha tambaya. Ban iya gaya masa wanda ya zauna ba. Na karɓi turmin na taho, kuma tun daga ranar ban sake bi ta mashigin ba.

Na rubuto ne don 'yan'uwana masu riƙe da jerin sunayen yara a makarantu. Rabon aji ba ƙaramin aikin ofis ba ne, rabon rayuwa ne, kuma haƙƙin yaron da ya ci jarrabawa ba naka ba ne balle ka yi zumunci da shi. Shugabanni su riƙa karanta abin da suke sa wa hannu. In za ka hana, ka faɗi dalilinka na gaskiya, kada ka ɓuya a bayan kalma, domin wanda ke gabanka yana iya yarda da kai har ya shiga daji da gatari. Ni na roƙi Allah gafara, amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Na san inda yake zama, na san hanyar. Ku taya ni addu'a in iya komawa in faɗa masa kafin idon nan ya rufe.